Yini ɗaya a Zanzibar da tsohuwa mai ciwon gwiwa: mu bi motar jirgi ko mu taka da ƙafa?

Abban Sadik, Gyallesu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah waɗanda suka san kan abin su fara magana kafin 'yan barkwanci su cika wurin. Yayanmu da ke aiki a Afirka ta Kudu ya kama mana ɗaki a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, ni da maiɗakina da Hajiyarmu, shi da iyalinsa za su tare mu a can. Cikin watan Janairu ne in Allah ya kai mu. Jirgin zai taso daga Durban yana yada zango a garuruwan bakin teku, ɗaya daga ciki Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Takardar da suka turo ta ce za mu isa ƙarfe 8 na safe, a tashi 6 na yamma, ranar kuma ta faɗo Juma'a. Sun jero mana yawon da suke shiryawa: gonar kayan ƙamshi, tsibirin kunkuru, dajin birai, bakin ruwan Nungwi, da zagayen tsohon gari. Kowanne da farashinsa da dala, in ka juya shi zuwa naira sai kanka ya sara. Hajiya ta haura shekara 70, gwiwa na damunta. Mu biya nasu ne, ko mu sauka mu nemi hanya da kanmu?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Yaya, ba a neman mai riƙe wa Hajiya jaka? Ban da aikin yi a Janairu, kuma ba na cin abinci da yawa.

Shugaban zaure:
Ɗan Samaru, da kai ake.

Injiniya, Kwarbai:
Abban Sadik, fara da cire ranka daga awa 10 ɗin nan, ba duka ne naka ba. Manyan jiragen nan sau da yawa can cikin ruwa suke tsayawa a Zanzibar, sai a riƙa jidar mutane da ƙananan jirage zuwa tasha. Da lamba ake fita, kuma waɗanda suka biya yawon kamfani su ake fara fitarwa. Kai mai cewa da kanka za ka yi, kana iya kaiwa 9 da rabi ko 10 ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Shi kuma 6 ɗin da suka rubuta lokacin tashin jirgi ne. Ƙaramin jirgi na ƙarshe yakan bar tasha tun kafin nan da kusan awa guda. Cire Juma'a, cire cin abinci, ka ga abin da ya rage maka da ƙyar ya wuce awa 5.

Ga dokar da za ka haddace. In motar da kamfanin jirgi ya shirya ta makara, jirgi zai jira ta. In tasin da ka ɗauka da kanka ta yi faci a hanya, babu mai jiran ka. A wata tashar na ga wasu Turawa mata da miji sun taho a guje, ledoji na rinjayar su, matar na kaɗa hula tana ihu, an riga an janye tsani. Mutanen da ke sama kuwa waya suka ciro suna ɗauka. Daga nan kuɗin jirgin sama zuwa zango na gaba daga aljihunka zai fito.

Saboda haka abin da ke nesa ka biya nasu, na kusa ka taka. Tsohon garin kuwa a bakin tashar yake, kana fitowa ƙofa ka shiga.

Ɗan Samaru:
To amma fisabilillahi Injiniya, a je Zanzibar a dawo ba a taka farin yashin nan ba? Duk hoton da ake sawa na Nungwi ne fa. Me za su nuna mana in sun dawo, bango?

Injiniya, Kwarbai:
Nungwi can ƙuryar arewacin tsibirin take, kusan kilomita 60, tafiyar awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Zuwa da dawowa awa 3 ke nan a cikin mota, da tsohuwa mai gwiwa. Kuma teku za su yi kwanaki suna kallon sa ta taga har ya gundure su.

Maman Iman, Tudun Jukun:
Ku kai Hajiya Nungwi ta ga shigar Turawa a bakin ruwa, wallahi har ku dawo Zariya ba za ta ajiye carbi ba.

Baffa, Ɗanmagaji:
Ni kam na rasa gane zamanin nan. Kuɗin da zai kai tsohuwa Umara ta yi ibadarta, a zuba shi a jirgin da ake shan giya ana caca ana rawa har asuba? Ɗana, ka yi haƙuri da ni, amma wannan almubazzaranci ne. Kuma ruwa ba abokin wasa ba ne. Mu da ko Kubanni ta cika muke ja da baya.

Abban Sadik, Gyallesu:
Baffa, Allah ya ƙara girma, na ji maganarka. Hajiya ta sauke farali, ta yi Umara. Ita ce da bakinta ta ce wa Yaya tana son ta ga teku kafin ta koma ga Allah, ban da wanda ta hango ta tagar jirgin sama a Jidda. Shi kuma kuɗinsa ne, uwarsa ce.

Baffa, Ɗanmagaji:
Ai ba a gama lada.

Malam, Ƙofar Gayan:
Baffa ya faɗi abin dubawa, sai dai a raba abu biyu. Tafiya don ganin halittar Allah da faranta wa mahaifiya ba laifi ba ce, faranta matan ma ibada ce. Abin da ke cikin jirgi na saɓo kuwa yana da wurarensa, ba a jan mutum da igiya zuwa can. Ku nisanci wuraren, ku kiyaye salla, ku kula da abin da za ku ci. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta iya ba, zamansa a gida ya fi.

Game da salla, ku matafiya ne, ƙasaru za ku riƙa yi. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma in ya halarta ta isar masa, kuma babu dalilin barin ta tunda garin Musulmi za ku sauka. Ka kula da abu biyu. Alƙiblarsu arewa take kallo, domin Makka kusan saitin arewa take da su, kada ka shiga masallaci ka nemi gabas irin na gida. Sannan mafi yawansu Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana Bisimilla kafin Fatiha. Akwai kuma masallatan Ibadawa da suka samo asali daga mutanen Oman, su sakin hannu suke yi. Kada ka je ƙasar mutane ka tsaya gyara wa wani salla.

Injiniya, Kwarbai:
Allah gafarta Malam, in ƙara da batun abinci. A rubuta wa kamfanin tun yanzu cewa ba ku cin alade kuma kuna neman na halal, kada a bari sai an shiga. In ba a samu tabbaci a kan nama ba, kifi da ƙwai da shinkafa da 'ya'yan itace sun ishi mutum. Ma'aikatan ɗakin cin abinci da yawa 'yan Indonesiya da Indiya ne, akwai Musulmi a cikinsu, ka yi wa ɗaya sallama ka tambaye shi, zai faɗa maka tiren da za ka tsallake.

Dakta, Samaru:
Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Abban Sadik, in ka bi tawa, tsohon garin kawai za ka yi, kuma a hankali. Mutane na sauka daga jirgi da zuciyar sai sun ga komai, su ƙare ba su ga komai ba sai ƙeyar direba.

Kana fita daga tasha ka bi titin bakin ruwa, teku na hannun damanka. Shimfiɗaɗɗe ne, Hajiya za ta iya. Za ku wuce tsohuwar fadar sarakuna, sannan babban benen nan mai dogayen ginshiƙai da ake kira Baitul Aja'ib. Sarki Barghash ya gina shi a 1883, shi ne gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rufta a Disamba 2020, aka shiga gyara, don haka ka sa rai da kallo daga waje kawai. A filin da ke gabansa ne aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowanne gajarta a tarihi, ranar 27 ga Agusta 1896. Khalid ɗan Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, jiragen yaƙinsu suka buɗe wa fadar wuta daga cikin ruwa, ba a cika minti 45 ba aka gama. Kusan inda jirginku zai tsaya daga nan aka yi harbin. Gaba kaɗan sai tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 bayan sun kori Turawan Fotugal. A gabanta akwai lambun Forodhani mai inuwa da wurin zama, nan Hajiya za ta huta ta sha ruwan kwakwa.

Daga nan ku kutsa cikin lunguna. Wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ba zai ji baƙunta ba, irin lungun nan ne da in mai babur ya taho sai ka manne da bango, sai dai nasu benaye ne na dutsen teku da farar ƙasa, kuma kowane gida da dakali a ƙofarsa, dattawa na zaune da ƙananan kofunan gahawa. Dakalin nan shi ne zai cece ku, duk taku kaɗan Hajiya ta zauna, ba mai hana ta in kun yi sallama. Ka tsaya ka kalli ƙofofin. Katako ne mai kauri da aka sassaƙe shi da zanen furanni da sarƙa, wasu da aya a rubuce a sama. Masu kusurwa huɗu salon Larabawa ne, masu gantsararren kai da manyan ƙusoshin tagulla na Indiyawa. Saboda irin waɗannan ne UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2000.

Maman Iman, Tudun Jukun:
Dakta, Forodhanin nan ba nan ne ake gasa kifi da jatan lande da daddare ba? Ƙawata ta turo mini bidiyo, har da wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas a kan gawayi. A kai su can su ci.

Dakta, Samaru:
Nan ne, amma sai rana ta faɗi masu gashin ke fito da tebura. A lokacin su Abban Sadik sun daɗe a kan ruwa. Da rana sai dai su nemi gidan abinci a cikin gari, akwai dafa-dukarsu mai kanumfari da kirfa, da wani romo mai tsami-tsami da suke zuba wa dankali da ƙosai.

Wuri ɗaya kuma da ba na so ku tsallake: tsohuwar kasuwar bayi. Sarki Barghash ya rufe ta a 1873 da matsin lambar Ingila, aka gina majami'ar Angilika a wurin. A harabar akwai rami da gumakan mutum biyar a tsaye a ciki, sarƙa a wuyansu. Za a kuma sauke ku wasu ƙananan ɗakuna na ƙarƙashin ƙasa da ba a iya miƙewa a ciki, a ce nan ake tara bayi. Wasu masana tarihi na jayayya a kan ɗakunan, amma kasuwar kanta ba mai musun ta. Hajiya ta zauna a sama, matakalar ba ta gwiwarta ba ce.

Baffa, Ɗanmagaji:
Ka ji irin ta ko? A ɗauki tsohuwa ranar Juma'a a kai ta coci, don a nuna mata Larabawa mugaye ne, Bature mai ceto. Wannan duk shirin ɓata Musulunci ne. Su da suka kwashe mutane jirgi-jirgi zuwa Amurka, su ne za su ba mu labarin bauta?

Dakta, Samaru:
Baffa, ranka ya daɗe, rabin maganarka gaskiya ce. Turawa ba su da bakin wa'azi a nan, Faransawa ma daga wannan gaɓar suka riƙa sayen mutane suna kai wa gonakin rakensu a tsibiran tekun Indiya. Amma laifin wani ba ya wanke na wani. Tun da Sayyid Sa'id ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa Zanzibar wajen 1840, arzikin garin a kan abu uku ya tsaya: kanumfari, hauren giwa da bayi. Bayin ne ke ɗauko hauren a ka tun daga tsakiyar Afirka, su ne kuma ke noman kanumfarin. Gidan Tippu Tip, attajirin da ya fi kowa suna a wannan fatauci, yana nan a cikin garin. Kyawawan ƙofofin da na gama yabo, da yawansu da wannan kuɗin aka sassaƙa su.

Mu kuma kada mu yi kamar ba mu san zancen ba. Wane Bazazzagi ne bai ji kalmar rinji a bakin kakanninsa ba? Su wa ke noma a can, daga ina aka kamo su? A Arewa sai 1936 doka ta gama soke bauta gaba ɗaya. Su sun ware wuri sun ce ga abin da ya faru. Ni ina ganin mutum ya je ya tsaya a bakin ramin nan ya fi masa hoton yashi amfani.

Baffa, Ɗanmagaji:
Dakta, boko ya yi maka yawa. Ba a tone-tone a gaban yara.

Malam, Ƙofar Gayan:
Baffa, a yi haƙuri. Sace ɗa mai 'yanci a sayar babban zunubi ne a shari'a, ko wa ya aikata. Faɗin hakan ba ɓata addini ba ne. Shiga harabar don ganin tarihi kuma ba shiga ibadarsu ba ne. In zuciyar Hajiya ba ta kwanta ba, a bar ta a inuwa, shi ya leƙa ya fito.

Shugaban zaure:
Jama'a, wanda ke son a ci gaba da zancen rinji ya buɗe nasa zaren, zan zo in karanta. Nan shawara aka nema.

Hajiya Mai Turare, Sabon Gari:
Ni ban taɓa shiga jirgin shaƙatawa ba, amma Zanzibar na sha zuwa sarin kaya, ta Darussalam, a jirgin ruwan fasinja mai gudu, tafiyar kamar awa 2. Ƙanina, batun gonar ƙamshi, ka ajiye kuɗinka. Ba wai ba daɗi ba. Za a murza maka ganye a ce ka canka, a kankare bawon itace ka ji ƙamshin kirfa, a fasa gyaɗar ƙamshi ka ga jan zaren da ya naɗe ta. Wani yaro ya ɗaure ƙafa da igiya ya haye kwakwa yana waƙa, wani ya saƙa maka hula da ganye, a ƙarshe kowa ya miƙo hannu. Amma gonakin nuni ne, kuma yawo ne a kan saiwoyi da ƙasa mai santsi. Asalin kanumfarin ma yawancinsa daga Pemba yake zuwa, ɗaya tsibirin.

Ku je kasuwar Darajani, a gefen tsohon garin take. Kada ka saya a bakin ƙofa inda aka jera ƙananan ledoji masu ado don Turawa. Ka ratsa ta ɓangaren kifi, ka toshe hanci, ka shiga ciki inda matan gari ke saye a buhu. Kanumfari mai kyau jaja-jaja ne, da kansa a jiki, in ka danna farce sai mai ya fito. Wanda ya yi baƙi ya yi sakayau an riga an tatse shi ko ya tsufa. In mai kaya ya yarda ka jefa 'yan ƙwayoyi a kofin ruwa: mai kyau zai nutse ko ya tsaya a tsaye, mataccen ya kwanta a sama. Za su nuna maka wani abu ja su ce za'afaran ne da arha, kada ka saya. Ka canza kuɗi zuwa shilin ɗinsu, kuma dalar da za ka riƙe ta zama sabuwar bugawa, tsofaffi ba sa karɓa.

Kana fitowa tasha samari za su yanyame ka, wannan ya ce shi ɗan jagora ne, wancan ya ce shagon kawunsa. Ka ce na gode ka wuce, kada ka tsaya dogon bayani. In kana son ɗan jagora ka nemi mai katin shaida a wuya, ku yi ciniki kafin ku ɗaga ƙafa.

Injiniya, Kwarbai:
Hajiya Mai Turare ta tuna mini. Ɗanyen kayan marmari kada ku saya da niyyar shiga da su jirgi, sukan karɓe a ƙofa. Busasshen kayan ƙamshi a ɗaure ba ya yawan kawo matsala.

Hajiya Mai Turare, Sabon Gari:
Sai batun agogo, nan ne ake kwana a tasha. Sun fi mu da awa 2. Kuma su a bakinsu daga fitowar rana suke fara ƙirga lokaci, 7 na safe ita ce ƙarfe 1 a wurinsu. In ka ce wa mai tasi ko mai kwalekwale ya zo ƙarfe 4, yana iya ɗauka 10 na safe kake nufi. Ka nuna masa a fuskar agogo da yatsa.

Injiniya, Kwarbai:
Kuma agogon jirgi shi ne shari'a. Wani jirgin yakan juya nasa ya bi na gari, wani ba ya juyawa. Kafin ka sauka ka saita agogon hannu da nasu, kada ka dogara da waya mai canza kanta. Takardar da suke sa wa a ɗaki kullum tana ɗauke da lambar wakilinsu na tashar, ka ɗauke ta a hoto. A cikin jirgi kuma ka kashe data, layin tauraron ɗan'adam ne, kafin ka farga ya cinye maka kati.

Sista, Shika:
Kowa na ta tarihi da ciniki, ni gwiwar nake ji. Yaya, wuri mafi haɗari a ranar nan shi ne taku ɗaya tak, daga babban jirgi zuwa ƙarami. Ƙaramin na hawa yana sauka da igiyar ruwa. Ma'aikata biyu ke tsayawa su kama hannun mutum, ka gaya wa Hajiya tun a ɗaki ta bari su kama ta, ba lokacin kunya ba ne. Ta tattare mayafi, kada ta sa silifas, hannunta ya zama ba kaya. In ranar ruwa ya yi fushi sukan soke sauka gaba ɗaya, ku sa wannan a rai.

Sannan za ku bar Zariya cikin hunturu kuna rawar ɗari, ku tarar da zafi mai gumi, irin wanda riga ke manne wa jiki. A ɗauki kaya marasa nauyi, lema, ruwan roba, sanda. Ta sha maganin gwiwarta kafin a fita, kada a jira sai ta fara ciwo. Magunguna su zauna a kwalayensu na asali. Katin rigakafin shawara, ruwan ɗorawan nan, kowa ya riƙe nasa tare da fasfo. Mai saurin tashin zuciya ya riƙe citta yana taunawa, ko ya ga likita kafin tafiya.

Ɗan Samaru:
Shi ke nan an soke yashi, an soke gona, saura kunkuru. Anti Sista a bar musu kunkurun mana.

Dakta, Samaru:
Kunkurayen sun cancanci gani. Changuu ake kiran tsibirin, tafiyar kamar minti 30 a kwalekwale mai inji. An gina kurkuku a kai a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Kunkurayen kyauta ce daga gwamnan Ingila na tsibiran Seshel a 1919, guda 4 aka fara kawowa. Manyan sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga, an rubuta shekarun wasu da fenti a bayansu, akwai waɗanda suka haura 100. Sai dai a bakin yashi ake hawa kwalekwalen, wani lokaci sai ka tsoma ƙafa a ruwa ka ɗaga ta ka tsallaka. Sista ta faɗi hukuncin.

Sista, Shika:
Ban yarda ba.

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Ina nan ina karantawa tun ɗazu, an yi ta raba yinin ba wanda ya tambayi matar gida. Abban Sadik, ni kunkuru zan gani. Na riga na yi magana da matar Yaya.

Maman Iman, Tudun Jukun:
Ayyiriri! Ashe uwargida na cikin zaure.

Ɗan Samaru:
Yaya, an yi maka juyin mulki kana neman shawara a waje.

Abban Sadik, Gyallesu:
To ai magana ta ƙare. Yaya da matan su biya na kamfani su tafi tsibirin kunkuru da safe, tunda ruwa za a sake tsallakawa gara a bi nasu. Ni da Hajiya mu bi bakin ruwa yadda Dakta ya tsara, mu shiga lungu iya inda gwiwa ta yarda. Mu haɗu kafin Juma'a, mata su zauna da ita a gidan abinci mu je masallaci. Bayan salla Darajani, a tasi, ba da ƙafa ba. Ƙarfe 3 da rabi muna layin komawa. Kasuwar bayin zan leƙa ni kaɗai in lokaci ya bari. Baffa, a sa mu a addu'a.

Baffa, Ɗanmagaji:
Ra'ayina bai canza ba. Amma Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ka gaida Hajiya, ka ce ta riƙe addu'ar hawa abin hawa.

Malam, Ƙofar Gayan:
Amin. Ka tambayi lokacin huɗuba tun da safe, kada ka yi lissafi da masallatanmu masu kaiwa ƙarfe 2.

Hajiya Mai Turare, Sabon Gari:
Ƙanina, duk wannan tsarin yana kan abu ɗaya da ba a taɓo ba, biza. Fasfon Najeriya na cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su a bakin shiga, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma takan ɗauki makonni. Kada ka ɗauka don kana cikin jirgi an yafe maka.

Injiniya, Kwarbai:
Wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda muka yi. Gobe ka sa Yaya ya rubuta wa kamfanin, ya ambaci fasfon Najeriya ƙarara, ya tambayi abin da ake buƙata a kowace tashar da za ku tsaya, amsar kuma ta zo a rubuce. Akwai kamfanonin da in takardar ƙasa ɗaya ba ta cika ba, tun a Durban za su hana ka hawa.

Abban Sadik, Gyallesu:
Yanzu na tura masa saƙon. Allah ya saka da alheri.

Hajiya Mai Turare, Sabon Gari:
In ta fito, kanumfari kilo 2 da kirfa kilo 1, ta sanda ba gari ba. Zan aiko yaro Gyallesu da kuɗin.

Maman Iman, Tudun Jukun:
Ni zanen nan nasu mai rubutu a ƙasa, turmi biyu. Maman Sadik ce za ta zaɓa, ba kai ba.

Abban Sadik, Gyallesu:
A jirgin sama za mu dawo daga Durban, kuma ana auna kaya. Waɗannan biyun na karɓa, an rufe sautu.